Fuskar Inna Jummare

Assalamu alaikum, masu bin labarin nan. Na ga abin da kuka rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce. Wata baiwar Allah ta ce ni matsoraci ne. Wani daga Kano ya ce da shi ne da tuni an shafa fatiha an watse. To, na ji. Mai kallon dambe ai ba ya shan naushi. Ba zan yi gardama da kowa ba, na gaji.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Salihu. A garin Gadarif aka haife ni, can gabas da Hartum, a nan furfura ta same ni. Da can tarakta nake ja a manyan gonakin ridi da dawa, da bayana ya ƙi sai na koma jan wata tsohuwar mota boksi mai buɗaɗɗen baya, ina ɗaukar kaya da mutane. Matata Halima ta rasu da daɗewa, 'yarmu guda tana gidan mijinta a Hawata. Wadda nake so sunanta Mardiyya. Ba yarinya ba ce, ni ma ba yaro ba ne. Mijinta ya rasu a shekarar da yaƙi ya ci garin Madani, ta dawo gidan uwarta da akwati ɗaya da keken ɗinki. Uwar tata ita ce Inna Jummare, kuma a kan Inna Jummare komai ya cije.

Akwai wata yarinya, Tibyan, jikar Hausawa ce amma a Hartum ta tashi, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Yaƙi ne ya koro ta nan da kyamara a jaka. Fim take haɗawa, ba na wasan kwaikwayo ba, irin wanda tsofaffi ke zama su faɗi abin da idonsu ya gani. Nata a kan tsofaffin da suka taɓa tsaya wa leburorin gona ne, tun zamanin da ba wanda ke jin kukan ɗan kambo, wato sansanin bukkokin da leburori ke zama a bakin gona. Motata ta fara ɗauka haya, daga baya na zama tafinta ban shirya ba.

Inna ta iya Larabci sarai, amma ta ƙi yin sa a gaban kyamara. Ta ce, "Larabci na cinikin tumatir ne. Abin da ya ƙone ni da Hausa ya ƙone ni." 'Ya'yanta kuma ta ce ba za ta zauna tana ba su labarin wuya kamar mai neman tausayi ba. An kawo limamin unguwa ya zauna ya yi mata tambaya, ta yini tana ba shi labarin tsadar albasa. Ni kaɗai take yi wa magana, don ubana a kambo ɗaya suka yanki ridi da mijinta, ta goya ni ina jariri, har yau Kan-dutse take kira na. Sai in zauna a kan kujera 'yar tsugunne a ƙarƙashin kyamara, ta kalle ni ta yi ta zuba, ni kuma in juya wa Tibyan.

Kun dai san al'adarmu. Ranar da na tura manya neman auren Mardiyya, daga ranar Inna ta zama surukata. Ba sauran zama gaba da gaba, ba sauran kallon ido, balle in ce mata, sannan sai me ya faru? 'Yan zamani sun sassauta, amma Inna ba 'yar zamani ba ce. Mijin Mardiyya har ya koma ga Allah bai taɓa ganin haƙoran Inna ba. In na nemi auren, bakin Inna ya rufe, fim ya mutu. Shi ya sa na ce wa Mardiyya ta yi haƙuri a gama tukuna. Ta ce to. Damina ta shigo, ta ce to. Ga shi damina tana haɗa kayanta, ridi ya fara ja a gonaki, ba a gama ba.

Yau Alhamis da safe ina wanke gilashin mota saƙon muryarta ya shigo. A bayan muryar ina jin ƙarar tana kankare kisra, wainar dawa ta nan, daga kan kasko.

"Salihu, ina kwana. Ba doguwar magana zan yi ba, ina kan murhu. Yaya Yahya ya ce gobe in an sauko daga Juma'a mutanen Alhaji Osman za su zo da goro da sukari. Ba wanda ya yi min dole, kada ka je kana cewa an yi min. Tambayata ya yi ko akwai wani, na ce akwai, ya ce yana ina, na rasa abin nunawa. Na gaji da kwana a ɗakin 'ya'yan yayana, ƙafar wannan a wuyana, fitsarin wancan a zanina. Na gaji, wallahi. Kai da fim ɗinka Allah ya ba ku zaman lafiya."

Na saurara, na sake saurara. Alhaji Osman babban ɗan kasuwar ridi ne, Yahya kuma dillalinsa ne. Ba mugun mutum ba ne, in zan faɗi gaskiya. Yana da gidan bulo da tankin ruwa a sama. Ni ɗaki ɗaya gare ni a bayan gareji, da angarib, wato gadon igiya, da ya lotsa a tsakiya.

Na rubuta magana mai tsawo na goge. Na sake rubutawa na goge. A ƙarshe abin da na tura shi ne: "To."

Ba a jima ba amsa ta zo, a rubuce: "To ɗin nan ita ta kawo mu nan."

Na sa wayar a aljihu na tafi ɗauko Tibyan.

Na same ta a bakin shagon mai cajin waya da hasken rana, tana karɓar baturanta. Baƙar abaya ce a jikinta duk laka a ƙasan, da takalmin kambas, ta ɗaure kai da wani ɗankwali ruwan toka da ya ga duniya. Idonta ya faɗa. A aji ɗaya take kwana da iyalai da yawa a wata makaranta da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira.

"Ammu Salihu, fuskarka kamar an sauke maka kaya a shingen sojoji," ta ce da Larabci tana shiga gaba. Ammu take ce min, wato kawu.

Ni ban iya kewaye-kewaye ba. Kafin mu fita daga kasuwa na gaya mata komai, har da maganar surukuta, don ita a Hartum ba su riƙe abin da ƙarfi haka ba. Sai da muka wuce masu sayar da gawayi ta waigo ni.

"Har yanzu Inna ba ta faɗi ranar da suka yi yajin aikin ba," ta ce. "Kullum in mun zo bakin wurin sai ta ce a kawo jabana."

"Na sani. Ni nake shan kofin gahawar."

"Tsohon da muke ɗauka a Hawata ya rasu kafin mu koma masa. Na Fau ya daina gane 'ya'yansa. Abin da na ɗauka shekarun baya yana cikin gidanmu a Hartum, in gidan yana nan. Ita kaɗai ta rage min."

"Kwana nawa kike buƙata?"

"A irin tafiyar da take yi? Wata ɗaya. Ko biyu. Tsohuwa ba famfo ba ce, Ammu, ba a murɗa ta." Ta jingina kai da gilashi. "Ba zan roƙe ka ba. Aurenka ne. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce ba komai ba."

Da ta roƙe ni da ya fi min sauƙi, sai in yi mata tsawa in huta.

Baƙar lakar unguwar ba ta gama bushewa ba, sai da muka bar motar a bakin titi muka ɗauki kaya a ka. Gidan Inna dangar kara ce, bukkoki biyu masu tsinin kai, da ɗakin kwano na Yahya, da rumfa a gindin darbejiya inda randunan ruwa suke. Tun da yaƙi ya watso dangi, tsakar gidan ta cika da igiyoyin shanya da katifu a jingine. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Yahya, ya sha farar jallabiya mai karin guga da rawani, zai tafi kasuwa. Sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki. Bai taɓa son fim ɗin nan ba. A ganinsa so ake a tuna wa duniya su 'yan kambo ne, bayan ya sha wuya ya zama mutum a kasuwa.

"Direba, an zo tonon kabari?"

"An zo."

"To ku tona ku gama yau. Gobe gidan nan yana da baƙi, ba na son wayoyi a tsakar gida." Ya gyara rawani, ya tsaya yana kallona, ya kira ni yadda ake kiran aboki a nan. "Ko kana da magana da ni, ya zol?"

Jama'a, ga ƙofa an buɗe min har bango. Na buɗe baki. Sai na hango Inna ta bayan kafaɗarsa a ƙarƙashin rumfa, na hango Tibyan tana kafa ƙafafun kyamara a hankali kamar mai dasa itace.

"Babu," na ce.

Daga madafa na ji an ajiye wani abu da ƙarfi. Yahya ya girgiza kai. Bai tafi kasuwar ba, ya zauna a kan wani bulo a bakin ƙofa yana danna waya.

Da na shiga rumfa sai na tsaya. Kullum a tsohon zanin gida muke samun Inna, Tibyan ma ta fi son haka. Yau ta sa farin tob mai bakin shuɗi, mayafin lulluɓe jiki na matan nan, wanda take ajiyewa a ƙasan akwati tana cewa na zuwa Makka ne. Ta sha kwalli. Ta zauna a tsakiyar angarib ta miƙe baya, tsagar da ke kumatunta ta fito raɗau a cikin tamoji. Tibyan ta taɓa ce min rabin fim ɗinta fuskar nan ce.

"Kan-dutse, ka tsaya kamar an dasa ka. Matso da kujerar. Matso dai, ba na cizo, haƙoran sun ƙare."

"Inna, yau Makka za a tafi?"

"Iyayenmu ma Makka suka nufa ridi ya tare su a nan. Zauna." Ta ɗaga murya. "Mardiyya! Kada ki kawo jabana sai na kira." Ta dawo da ido kaina. "Yau ka tambaye ni duk abin da ke cikinka. Kada ka bar na gobe."

Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka ta ji maganar Yahya ce ta wayoyi. Tibyan ta maƙala mata 'yar na'urar murya a bakin tob, ta ɗaga min yatsa.

"Inna, ranar da kuka ƙi aiki. Me ya faru?"

Na jira ta ce a kawo jabana. Ba ta ce ba.

"Ruwa ne," ta ce. "Mutane suna cewa a kan lada ne. Ba lada ba ne, ruwa ne. Kambonmu yana can bayan Hawata. Wakilin mai gona yana da tankin ruwa mai daɗi da ake kawowa daga gari, na shi ne da na injin tarakta. Mu kuma tafki, inda shanu ke shiga har ciki. Ka tace da ɗankwali, ɗankwalin ya fito kore. Maza suna fitsarin jini, yara cikinsu yana zuba. An je an yi wa wakili magana, ya ce wanda bai so ga hanya. Ina za ka? Kowa ya ci bashin kanti."

Ina juya wa Tibyan ƙasa-ƙasa. Ita ko motsi ba ta yi.

"Mu mata mu ke dafa wa kambo. Ni ke kan babbar tukunya. To akwai wani yaro." Ta tsaya. Hannunta ya sauka a cinyarta yana bubbugawa a hankali, yadda ake lallaɓa jariri. "Ya fara tafiya. Yana bin kaji yana faɗuwa. Cikinsa ya zuba kwana biyu. Na je da kaina wurin wakili da kwano, na ce a san min na tanki, ko rabin kwanon. Ya ce in ya ba ni, gobe kambo duka zai zo da kwano. Da asuba yaron ya koma."

Ban juya wannan da wuri ba, sai da Tibyan ta taɓa kafaɗata. Duk unguwar nan an san Inna da kiran sunan Yahya gatsal, har mata suna gulmar ba ta da kunyar ɗan fari. Ashe ba shi ne na farin ba. Na waiga. Yahya ya bar danna waya, ya taso ya tsaya a jikin darbejiya, bakinsa a ɗan buɗe.

Da na gaya wa Tibyan, sai ta raɗa min, "Kada ka tambaye ta sunansa. Kakata ma har ta mutu ba ta faɗi sunan babana ba."

Inna ta ci gaba ba tare da an tambaye ta ba.

"Aka binne shi da hantsi a bakin gona. A ranar ridi ya nuna, ganye ya yi ɗorawa ya fara zuba. Kai ka san ridi, ba dawa ba ce da za ta tsaya ta jira ka. In ya nuna ko ka yanke shi ko ya fashe ya ba ƙasa. Na dawo daga wurin, na kalli tukunyar, an riga an cika ta da ruwan tafki. Na kife ta. Na hau kai na zauna. Ban shirya komai ba, ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka gaji. Sai Zaituna ta kife tata. Sai Atine. Kafin maza su dawo cin abinci, tukwane duka sun kalli ƙasa, mata a kai kamar kaji a kan ƙwai."

Ta yi 'yar dariya, ta share gefen ido da bakin tob.

"Maigidana ya zo yana lallashi. Jummare, ki rufa mana asiri. Na ce wanda zai yanki ridi ya yanka da cikin wofi. Ana cikin haka ubanka ya zo. Ya kalle mu, ya kalli gonar, ya ajiye laujensa a gabana, ya zauna a ƙasa. Shi ne namijin farko. Shi ma kan dutse ne, Allah ya jiƙansa. Amma shi in ya ga lokaci ya yi, ba ya tsayawa yana susar ƙeya."

Ta faɗi haka tana kallon tsakiyar idona. Na sunkuya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Ta ba da labarin yadda wakili ya kawo 'yan sanda aka kwashi maza a mota, har da mijinta da ubana. Matan ba su sauka daga kan tukwane ba. Yara suna kuka, ana ba su ɗanyar gyaɗa. Ta ce da rana tsaka in ka yi shiru kana jin ridi yana fashewa a gona, ƙas-ƙas-ƙas, kamar yayyafi a kan kwano. Mai gonar ya zo da kansa daga gari, ya tsaya ya saurari dukiyarsa tana zuba. Washegari tankin ruwa ya shigo kambo.

"Ke nan kun ci nasara, Inna?"

"Ruwa dai ya zo. Damina ta gaba ba wanda ya ɗauke mu aiki a duk yankin. Maigidana ya fito yana tari, da tarin ya mutu. Zaituna ta tafi Habasha ban sake jin ta ba. Yanzu ma je ka kambo ka ga me suke sha." Ta ɗaga kafaɗa. "In nasara ce, to ita ce."

Tibyan ta ce in tambaye ta ko ta yi nadama. Na ce ba a tambayar tsohuwa haka. Ta ce in dai tambaya. Na tambaya.

"Nadama ɗaya," in ji Inna. "Da na kife tukunyar nan tun yaron yana bin kaji. Ina ta cewa bari a gama yanka, bari a gama yanka."

Tun ina yaro ban ga Yahya ya yi hawaye ba, yau na ga ya kai bakin rawani ido.

Daga nan Tibyan ta yi ta jero tambayoyi, ina juyawa, Inna tana amsawa ba gardama. Waƙar da suka yi a kan tukwane, ta rera da muryarta da ta dushe. Abin da suka ci. Yadda aka raba ruwan farko, tsofaffi kafin yara ko yara kafin tsofaffi. Aka tsaya aka yi azahar aka dawo. Bayana ya riƙe, maƙogwarona ya bushe, ba jabana ba ruwa. Baturi ya mutu aka sa wani, shi ma ya fara ja.

"Akwai saura?" Inna ta ce.

Na kalli Tibyan. Ta girgiza kai, ta gaji ita ma.

"Babu saura, Inna."

"Ka tabbata? Ka duba cikinka da kyau."

"Na duba."

"Mardiyya, kawo jabanar."

Mardiyya ta fito daga madafa da tire, tob ɗinta ruwan zuma ya sha hayaƙi, ko inda nake ba ta kalla ba. Inna kuwa ni take kallo, ta daɗe tana kallona, daga hula har takalmi, kamar mai sallamar ɗan da zai yi tafiya.

"To, Salihu," ta ce. Rabon da in ji sunana na yanka a bakinta na manta. "Allah ya yi maka albarka."

Sai ta kama bakin farin tob ɗin da hannu biyu, ta jawo shi ta kan goshi, ta sauke har haɓa. Ta juya a kan angarib ta ba ni baya, ta fuskanci danga.

"Me ya faru?" Tibyan ta ce. "Jikinta ne? Ammu, tambaye ta, ko in kashe?"

Sai a lokacin na gane. Mardiyya ta ajiye tiren a ƙasa. Ni dai ban san lokacin da na zame daga kan kujerar ba. Na tsinci kaina a tsugune, takalmi a hannu, kaina a ƙasa, ina ja da baya har na fita daga inuwar rumfar rana ta doke ni. Ban tura kowa ba. Ban ce komai ba, da safen nan ma cewa na yi babu. Tsohuwar nan ta gaji da jirana, ta ba Tibyan abin da ta zo nema a yini ɗaya, sannan ta amsa tambayar da na kasa yi.

Daga cikin mayafi muryarta ta fito, ba da ni take ba.

"Yahya. Ka gaya wa baƙon nan rana ta yi. Hanyar Fau da nisa."

A wani ƙauye bayan Fau kawuna yake, ƙanin mahaifina, shi kaɗai ya rage min babba.

"Inna," in ji Yahya, "na riga na ba Alhaji magana."

"Kai ka ba da magana, ni na rufe fuska. Sai ka fita ka gaya wa unguwa wa na rufe wa."

Yahya ya nufo ni. Ya kama hannun rigata ya ja ni waje bayan danga. Idonsa ja.

"Ka ba ni wahala, ya zol. Da safe na tambaye ka. Na tambaye ka ko ban tambaye ka ba?"

"Ka tambaye ni."

"Shekara nawa muna tare, sai ka bar tsohuwa ta yi maka aikinka." Ya fyace hanci. "Ka san a hannun Alhaji nake ci, ni da duk bakunan da ke gidan nan. Ba zan tare mutanensa in ce su koma don Inna ta ja mayafi ba. Amma in suka zo suka tarar da kawunka a zaune a kan tabarma, zan ce an riga su, ba wanda zai ga laifina. Kafin a sauko daga Juma'a. In ba haka ba, halas, shi ke nan, kada ka sake yi min maganar."

"Na ji."

"Ba ji nake so ka yi ba, tafiya nake so ka yi."

Tibyan ta fito da kayanta, na kai mata har titi. Ta rungume jakar kyamara a ƙirji kamar za a ƙwace.

"Na samu, Ammu," ta ce. "Ba duka ba, amma na samu." Sai ta dafe kai. "Sauran matan! Biyu kawai ta faɗa. Ban tambayi sunayen sauran ba."

"Sai ki koyi Hausa ki tambaye ta da kanki. Ni an rufe min."

Ta yi dariya, ta yi kamar za ta yi kuka, ta tari raksha, babur mai ƙafa uku, ta ce in wuce kada in ɓata lokaci a kanta.

Yanzu haka da nake rubuta muku wannan ina layin mai a bakin gari, la'asar ta wuce, motoci a gabana kamar ba za su ƙare ba. Na kira kawu, wayarsa ba ta shiga. Ƙauyensu ba a kan kwalta yake ba, in ka sauka daga titi baƙar laka ce, wadda in ta sha ruwa ko tarakta sai ta yi dabara. Ga shingaye a hanya, kowanne sai an sauke ka an duba. Kawu kuma tsoho ne mai ciwon gwiwa, ban san ko zan same shi a gida ba ko ya tafi yankan ridi wurin 'ya'yansa.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Ina zaune a nan sai tunanin kujerar nan nake, 'yar tsugunnen. Tun ina goye matar nan take zagina, kuma ba za ta ƙara ba.

Ɗazu saƙon Mardiyya ya shigo, muryarta ƙasa-ƙasa, da alama a bayan bukka ta ɓuya.

"Inna ta ce a tambayi wancan mutumin ko ya ci abinci kafin ya kama hanya." Sai ta ƙara da nata. "Ni kuma na ce, wallahi Salihu in ka sake turo min to, kada ka dawo."

Ban tura mata to ba. Layin ya motsa, na tada mota, na danna wurin ɗaukar murya na kara wayar a jikin injin, na bar shi ya yi mata magana. Ta saurara, alamar ta nuna.

An zuba min man. A gabana, ta wajen Fau, hadari ya haɗu baƙi ƙirin.